Muryar Goggo a Hannun Ɗalibai

Sabuwa, 4 ga Oktoba, 2021

Zuwa ga ɗiyata Zulfa,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da ɗalibanki. Tunda an katse layukan waya, na koma ga biro.

Shekara goma sha bakwai ke nan ina jin wata magana ban yarda ba: wai Goggo, wadda ta raine mu ni da mahaifinki, ta yafe mini kafin ta rasu, kuma da bakinta ta faɗa ranar da mahaifin naki, marigayi Mas'udu, ya naɗi tatsuniyoyinta a kwamfutarsa. Kin san laifin. Na dawo daga kwalejin malamai ina jin kaina, na ce mata a gaban yara tatsuniya ƙarya ce. Daga ranar, in na shigo sai ta yi shiru. Shekara talatin. Mahaifinki ya ce in zo in ji, na yi ta cewa gobe, har shi ya tafi, kwamfutar ta daina tashi.

Don haka na ba ki ita, ko za ki iya ciro muryar. Yanzu ƙanwata Hussaina ta aiko daga Faskari wai kin ajiye ta a gaban aji, yara suna kashe ta suna tafa hannu. Ki ce mini ƙarya ne.

Naki, Baffa Rabo.

Kankara, 9 ga Oktoba

Baffa,

Ina gaida ka da girmamawa. Rabin maganar gaskiya ne.

Faifan ajiya na kwamfutar, wanda muryar take ciki, tsoho ne. Ƙaramar manhajar da ta iya magana da shi, mu kan ce mata direba, ita ma tsohuwa ce, ba wanda zai sake rubuta sabuwa. Na ɗauko ta yadda take daga tsohon tsarin kwamfuta na Linux. In ta iso inda faifan ya lalace, sai ta faɗi. A kwamfuta ta yau da kullum tana zaune ne a tsakiyar gida, in ta faɗi kowa ya faɗi.

Tsarin da nake koyarwa da shi ba haka yake ba. Cibiyarsa ƙarama ce, aikinta isar da saƙo da raba wuri kawai. Kowace direba ɗakinta daban. Mun shirya wa wannan ɗaki kamar na gidansu na da, har ba ta san ta yi ƙaura ba. In ta faɗi, a tashe ta, ta ci gaba daga inda ta tsaya. Shi ne darasin zangon nan. Zuwa jiya ta faɗi sau arba'in da ɗaya.

Ɗiyarka, Zulfa.

Sabuwa, 12 ga Oktoba

Zulfa,

Gaisuwa, amma a taƙaice.

Sau arba'in da ɗaya. Na karanta wurin sau uku, na goge tabarau, lambar ba ta ragu ba. Harisu mai mota da ya kawo takardar ya ce, "Malam, rasuwa aka yi?" Na ce, "An yi arba'in da ɗaya, kuma duk mutum guda."

Wato kin ɗauko tsohuwa mai farfaɗiya, kin ruɗe ta da ɗakin aro, kin ba ta riƙon abin da ba ni da na biyunsa, kin tara 'ya'yan mutane suna ƙirga faɗuwarta. Ni ma na yi koyarwa, amma da allo, abin da in an goge ana iya sakewa. In ta faɗi da muryar a hannunta fa? Ki rufe kwamfutar nan. Na fi son ta zauna ban ji ba, da a ce mini babu.

Baffanki, da zuciya a hannu.

Kankara, 16 ga Oktoba

Baffa,

Ka yi haƙuri, ban rufe ba. Faifan yana ƙara mutuwa kullum, ko an kunna ko ba a kunna ba. Kuma tun farko mun kulle hanyar rubutu, direbar dubawa kawai take iyawa, ba ta iya taɓawa. Wata ɗaliba ce ta gina makullin, na gwada shi sati biyu da faifan banza.

Sau sittin da takwas direbar ta faɗi, sannan ta kai ƙarshe. Minti tara sun tafi har abada, awa uku sun fito. Muka kunna a aji. A tsakiyar tatsuniya ta huɗu Goggo ta ambaci sunanka, sai na kashe. Ga muryar a katin memori na waya, cikin ambulan.

Zulfa.

Sabuwa, 20 ga Oktoba

Ɗiyata,

Allah ya yi miki albarka. Ki gaida mai makulli.

Na ji. Goggo ta tsaya ta yi tari, ta ce, "Mas'udu, wannan ta Rabo ce, ita ya fi so. Kar ka faɗa masa na ce, kansa zai ƙara girma." Sai ta yi ta har ƙarshe, da waƙar, da komai.

Kalmar yafiya ba ta ciki. Wataƙila tana cikin minti taran nan, ban nema ba. Maganar yafiyar dai Mas'udu ya fara faɗa mini, sai Hussaina. Ta ƙarshe, ranar Talata bayan la'asar, Goggo.

Baffa Rabo.