Abin da Mama Ta Ce Ba Ta Son Sani

Litinin, 3 ga Maris

Na faɗa wa Mama zan je a gwada jinina. Ciwon da ya kashe kakana, mahaifinta, na gado ne. In uwa ko uba na da shi, ɗa ko ya ɗauka ko ya tsira, rabi da rabi. Har yanzu ina ganin tsohon a ƙarshensa, jiki na fizga kamar ana jan sa da igiya, yana zagin mai ba shi abinci a baki.

Mama ko ƙafa ba ta ɗaga daga keken ɗinki ba. Ta ce, "In aka samu a jikinka, daga ina ya zo? Ni ban ce ina son sani ba." Na ce ai jinina ne. Ta ce, "A wace kasuwa ka sayo shi?"

Tsoro ne kawai irin na tsofaffi.

Alhamis, 6 ga Maris

Asibiti. Likitar ta yi ta zagaye-zagaye: babu magani, kuma in ka sani ka sani ke nan. Sai ta cire tabarau ta ce, "Sakamakonka na mahaifiyarka ne ma. Ta yarda?" Na ce ita ta turo ni. Ƙaryar ta fito sumul, har na burge kaina. Aka ɗebi jini.

Laraba, 2 ga Afrilu

Akwai.

Asabar, 5 ga Afrilu

Yini guda a shago ina kallon hannuna. Gyaran waya sana'ar yatsu ce, ƙusoshin ko ƙwayar gero ta fi su. Ɗaya ta suɓuce mini, na tsuguna ina nema a ƙasa ina gumi. Mai wayar ya ce, "Malam, lafiya?" Na ce ya kwashe tsiyarsa ya kai wani wuri.

Matata ta sani. Ta yi kuka, sannan ta kalli 'yarmu Ficiciya tana wasa da murfin tukunya, ta ƙara wani kukan.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Na je gida da niyyar yin shiru, wallahi da niyyar. Mama na yanka yadin wata mata, tana ta yi mini faɗa wai na rame, wai ba na cin abinci, wai tun ina yaro nake da taurin kai. Ita ga ta nan shar, tana dariya, tana shirin ɗinkin wata mai zuwa. Ni kaɗai nake ɗauke da abin da ta ɗora mini.

Almakashi ya faɗi daga hannunta. Na ce, "Ya fara ke nan."

Ta ce, "Me?"

Na ce, "Abin da kika ba ni. Na je, Mama. Akwai."

Baba na zaune a bakin ƙofa da rediyonsa, ya ji komai. Mama ta sunkuya ta ɗauki almakashin, ta goge shi da gefen zane, ta ce, "Na roƙe ka." Iyakar abin da ta ce ke nan.

A hanyar dawowa na ji sakayau. Ba zan ɓoye wa kaina ba, daɗi na ji. Yanzu mu biyu ne.

Juma'a, 25 ga Afrilu

Baba ya faɗa wa ƙanwarsa, ita kuma ba ta taɓa kwana da magana ba. Matan layin sun fara zuwa karɓar yadinsu, wai sun fasa ɗinkin. Ɗaya ta ce wa Mama cikin tausayi, "Ki huta, kada ki yanke kanki." Matar da ba ta taɓa karkata ɗinki ba!

Baba ya hana ta kunna risho in ba ya nan. In ta manta inda ta ajiye zare sai ya kalle ni ya girgiza kai. Shi da ke neman hularsa tana kansa.

Ni ban aike su ba. Gaskiya na faɗa, laifi ne?

Alhamis, 8 ga Mayu

Mun yanke shawara ni da matata, a gwada Ficiciya mu huta da zullumi. Likitar ta ƙi. Wai yarinya ce, sai ta girma ta zaɓa da kanta. Na ce ni ne ubanta. Ta ce, "Mahaifiyarka fa, yaya ta ji?" Na ce lafiyarta ƙalau. Ta daɗe tana kallona.

Wani abokin ciniki ya nuna mini wani wurin gwaji a waya. Su ba sa tambaya. Za su aiko da tsinke mai auduga, ka goga a cikin kumatu, ka mayar musu.

Talata, 20 ga Mayu

Keken Mama a rufe da tsohon zanen gado. Na same ta zaune ta ɗora hannuwa a cinya tana kallon su, irin yadda nake yi a shago. Ba sa rawa. Ko kaɗan ba sa yi.

Na ce, don in kawar da shirun, za mu gwada jikarta. Ta ɗago kai. Ta ce, "Kwanakin da ban sani ba nawa ne, ka ƙwace. Yanzu kuma nata kake so?" Na ce don amfaninta ne. Ta ce, "Kai dai ba ka son zama a rami kai kaɗai. Haka kakanka ya fara, da mugunta, kafin jikin."

Ta san inda za ta soka. Uwata ce ai.

Laraba, 21 ga Mayu

Ban buɗe shago ba.

Lahadi, 1 ga Yuni

Tsinken ya iso jiya. Da safe matata ta tafi kasuwa, ta ce in gama kafin ta dawo, ba za ta iya gani ba.

Na ɗora Ficiciya a kan tebur. Na ce buɗe baki. Ta wangale shi iya ƙarfinta, ta rufe ido, ba ta ko tambaya ba sai da na kai audugar daf da leɓenta. Ta ce, "Baba, alawa ce?" Na ce a'a. "Magani ne?" A'a. "To mene ne?"

Na tsaya riƙe da abin. Ta gaji, ta rufe baki, ta ce tana jin fitsari.

Na faɗa wa matata tsinken ya faɗi ƙasa ya ɓaci, sai an aiko wani. Ta ce yaushe? Na ce zan kira su.

Ba fasawa na yi ba. Hannuna ne ya yi rawa.