Harsashin Igwar da Ya Kashe Gaji Maƙeri

Daga: Saje Kyari Dada, tsohon soja,
Bayan tashar jirgin ƙasa, Nguru.

Zuwa ga: Mai girma Di'o,
Ƙasar Bade, Gashuwa.

19 ga Afrilu, 1952.

Game da: Abatcha Maiturare, dillali a kasuwar Gashuwa, da jinin da ke wuyansa.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin ta ladabi da biyayya, ina roƙon a ba ni dama in kai kukana inda za a share mini hawaye.

1. Ni tsohon sojan igwa ne. Na yi yaƙin Bama a ƙetaren teku, aka sallame ni a 1946 ba da wani laifi a kaina ba. Yanzu ina cinikin fatu da ƙaro a Nguru. Tun da na dawo nake tara tsofaffin kayan yaƙi don sha'awa: kwanson harsasai, takubba, sulke, da bindigogin toka da ake ce na zamanin Rabe ne. Ba na shigar da ƙarfe ɗakina sai na juya shi na tabbatar matacce ne. Shi ma Abatcha ɗin nan yana tara irin waɗannan kaya, amma don sayarwa. Mun sha yin musaya da shi, ya ci tuwo a gidana, na ci a nasa.

2. Ranar 6 ga Fabrairu na bana na zo kasuwar Gashuwa, na tarar da jama'a sun yi dafifi a rumfarsa. Masunta ne suka tono wani harsashin igwa a cikin laka da ruwa ya janye, shi kuwa ya karɓe ya ɗora a tabarma. Na durƙusa na duba. Zoben jan ƙarfen da ke gindinsa sumul yake, ba zane ko ɗaya, alamar ba a taɓa harba shi ba. Hular hancinsa na nan daram. Ƙarƙashin tsatsa ga ragowar fenti ruwan ɗorawa. Na gaya masa wannan abu yana da rai, kada a buga shi, kada ya kusanci wuta. A gaban Abbo mai shanu da Kaka Mairam mai kifi na faɗa, dukansu suna raye. Abatcha ya yi dariya, ya ce tsoro nake ba shi don ya bar mini a banza. Ya rantse fanko ne, har ya taɓa shi da diddige don mutane su yi shewa.

3. Ban bar garin ba sai da na sanar da sarkin kasuwa. Shi kuma ya umarci Abatcha ya kai abin bayan gari ya jira hukuma. Ya amsa da to.

4. Ranka ya daɗe, ga abin da ya biyo baya. Abatcha bai kai shi bayan gari ba. Unguwar Katuzu ya kai shi, maƙerar Gaji, mijin ƙanwata Yagana. Ya san ko wane ne Gaji a wurina, domin tare muka je ɗaurin auren. Ya ce wa Gaji wai Saje ya duba ya ce babu komai a ciki. Da sunana ya yi ciniki. Gaji mutum ne mai taka-tsantsan, da wani aka ambata masa da bai karɓa ba. Ranar 9 ga Fabrairu da hantsi ya sa shi a wuta don ya cire zoben ya ƙera mundaye. An ji ƙarar har fadama. Abin da aka tattara na Gaji bai cika likkafani ba. Yagana tana bakin rumfar, ta kawo masa kunu. Idonta na dama ya tafi, kunnen wannan gefen ma ba ya ji.

Da na iso, ba ta amsa gaisuwata ba. Ta juyo da idon da ya rage mata ta ce, "Yaya, kai ka ce masa babu komai?" Na ga mutuwa iri-iri a daji, ban taɓa jin abin da ya yi mini ciwo kamar wannan tambaya ba.

5. Bai tsaya nan ba. Kafin a yi sadakar bakwai ya riga ya baza a Gashuwa da Jajimaji cewa daga ɗakina harsashin ya fito. Maganar ta kai Nguru, hukuma ta zo ta kwashe kayana duka. Ban ga laifinta ba, abin da aka gaya mata ta bi. Amma yau in na ratsa kasuwa sai a yi shiru, uwaye suna janye 'ya'yansu daga ƙofar gidana, wanda muke sahu ɗaya da shi a masallaci ya koma baya. Shi kuwa Abatcha yana nan rumfarsa da sabon rawani, har ya je Katuzu ta'aziyya ya zauna a tabarmar makoki ya ci goro.

6. Masuntan sun shaida mini da bakinsu cewa harsasan biyu ne suka tono, dukansu ya karɓa. Ɗayan yana gidansa ƙarƙashin rumbu, yana jiran mai saye. Unguwar cike take da mutane, ga murhu a kowane gida.

Saboda haka nake roƙon mai girma Di'o, cikin ladabi:

A kama Abatcha Maiturare a gurfanar da shi, a kira shaidun da na ambata da masuntan, a yi masa hukunci mafi tsanani da doka ta yarda. Kada a karɓi sulhu. Dattawa sun zo mini da batun haƙuri, sun ce ƙaddara ce. Na yarda da ƙaddara, amma ita ma tana da ɗan aike, kuma na san gidansa. Ban yafe ba, Yagana ba ta yafe ba, marayun Gaji in sun girma ni zan gaya musu sunan.

A sa mai shela ya zaga kasuwar Gashuwa da ta Nguru ya faɗi gaskiyar inda harsashin ya fito, shi Abatcha yana biye da ankwa a hannu, don waɗanda suka ji ƙaryarsa su ga fuskarsa.

A mayar mini da kayana bayan an bincika su.

A gaggauta fitar da harsashi na biyu daga cikin gari. Na san yadda ake lalata shi, kuma zan yi ba da lada ba. Abu ɗaya nake nema: tunda har yau yana rantse wa masu saye cewa wannan fanko ne, a ɗora masa a ka, shi zai kai shi daji. Ni zan bi shi a baya, daga nesa, ina gaya masa inda zai sa ƙafa.

Allah ya ƙara wa mai girma lafiya da adalci. Ina jiran umarni cikin biyayya, duk da cewa haƙurina ya kusa ƙarewa.

Ni ne mai biyayya a gare ka,

Saje Kyari Dada,
Nguru.