Lambar Kwamfutar Mahaifiyarki

Malang, ranar Litinin

Retno 'yata,

Ina gaishe ki da kyau, da fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Yaya aikin asibiti, yaya Taiwan? Mu nan alhamdu lillahi. Mahaifiyarki ta fara riƙe cokali da hannun dama, harshen ne dai bai saki ba tun da jikin ya shanye.

Kwamfutar da kika aiko don ta riƙa ganawa da likitar da ke koya mata magana tana aiki, amma da matsala. Da zarar ƙaninki Gilang ya kunna tasa ta ofis, sai tata ta katse. Ranar Alhamis tana ta fama ta furta "ruwa", hoton likita ya tsaya cak. Ta juya fuska bango, ranar ko shinkafa ba ta taɓa ba.

Gilang ya ce, "Baba, a dakatar da darasin nan sai na samu hutu, aikina ba zai jira ba." Na ce masa bakin uwarsa ma ba zai jira ba.

Na je wurin Darto mai gyaran waya. Ya ce kowace na'ura a gida tana da lambarta, adireshin IP, kuma namu biyun lamba ɗaya suke kokawa a kai. Ofis ya kafe wa ta Gilang lamba, akwatin intanet kuma bai sani ba, yana ba ta mahaifiyarki irinta. Wai ba zai samu zuwa ba sai wani watan. Da na ce ya koya min, har da riƙe ciki don dariya: "Kai da tashar rediyo ma sai an kama maka?" Ya dai nuna min. Ni zan gyara.

Mahaifinki,
Suwarno

Malang, ranar Juma'a

Retno,

Yaya jiki, yaya abokan aiki? Kina cin abinci dai ko?

Talata na shiga saitin akwatin intanet ɗin, na taɓa abin da bai kamata ba, intanet ɗin gidan duka ya ɗauke, Gilang kuwa yana tsakiyar taro. Ya fito yana huci: "Baba, so kake a kore ni?" Na samo tsinken sakace, na danna ramin bayan akwatin ya koma yadda aka sayo shi, na sake farawa a hankali.

Na bar wa Gilang lamba biyar da ofis ya kafe masa. Mahaifiyarki na kafe mata goma, firinta sha ɗaya. Wayoyi da baƙi kuma na ce akwatin ya raba musu daga hamsin zuwa sama. Gilang ya leƙo ya duba, sai ga shi da kofi ya ajiye min.

Jiya aka yi darasi, shi ma yana kan aikinsa. Na tsaya gaban allon kwamfutarta kamar mai gadi, ina jiran hoton ya tsaya. Bai tsaya ba. Sai na ji an ja min riga ta baya. Mahaifiyarki ce, baki a karkace, a hankali amma ras:

"Warno, matsa. Ka tare min."

Likita ta yi ta tafa hannu. Ni kuwa na matsa, har tsakar gida, don kada ta ga idona.

Ki kira Lahadi, ta ce da kanta za ta gaishe ki. Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki,
Suwarno