Amfilifayar da Ta Danne Muryarki

Zuwa ga kanarina, sanyin idona, ruwan farko a kan busasshiyar zuciyata, wadda in ta buɗe baki da waƙa har mai sauri a titi sai ya rage tafiya.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan maƙogwaron ya yi sauƙi. Yau kwana tara ke nan rabona da muryarki, kuma na san ni ne sanadi. Likita ya hana ki magana, ke kin kashe waya, Yayanki kuma ya tare ƙofa. Jiya ko wurin zama bai nuna mini ba. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, “Malam, ƙanwata ba ta da sauran muryar da za ta ba ka.” Na juya na kama hanya.

Kin tuna ranar da kika fara shigowa ɗakinmu na gwajin waƙa, mai fankar nan da ke kuka kamar za ta faɗo? Ina zaune da jita kwance a cinya, ina jan ɗan ƙarfena a kan tsirkiya, kika tsaya a kaina kika tambaya ko jitar ba ta da lafiya ne aka kwantar da ita. Kowa ya yi dariya, ni kuwa ko ɗagowa ban iya yi ba. Tun ranar kika laƙa mini Sunkuyau, kuma shekara biyu ke nan babu sunan da ya kai shi daɗi a kunnena. Kina waƙa, ƙarfena na bin muryarki a baya kamar ɗan rago da uwarsa. Wayyo, ina ma na tsaya a haka!

Girman kai ne ya kai ni ya baro ni, masoyiyata. Da aka ce mai ɗakin ɗaukar waƙa zai zo ya saurare ki a zauren taro, sai na ji kunyar tsohuwar amfilifayata mai ƙara wa jitata sauti, ’yar ƙaramar nan da kike kira akwatin takalmi. Na tafi shagon Baba mai kayan sauti ni kaɗai, ban gaya miki ba, wai ni mai ba da mamaki. Tambayarsa ta farko ita ce wa ke yi mini waƙa, mace ko namiji. Da na ce mace, ya ce in koma in zo da ke, don jitar cinya da muryar mace hanya ɗaya suke bi, in aka ba ɗaya fili sai ɗayar ta matsu. Na ce masa na fi kowa sanin kunnena. Na nuna ƙatuwar baƙar nan mai lasifika biyu, na ja tsirkiya ɗaya, gilashin taga ya amsa, kaina ya kumbura, na ce ita nake so.

Ranar taron wayar haɗinta ta yi gajarta, sai na ɗora ta a kan kujera, daidai bayan kanki. Kin san jitar nan ba ta da gaɓar da yatsa zai laluba, da ido ake bin ƙarfen, in ya goce ko kaɗan sauti ya karkace. Haka na dunƙule a kan cinyata, ina jin daɗin kaina. Sai daga baya mai gangarmu ya gaya mini sau huɗu kina sauke tafin hannu kina roƙon in rage. Sau huɗu, hasken raina, kina nutsewa taku uku daga inda nake, ni ina kallon gwiwata! Kin yi ta ɗaga murya don ki haye ƙarata, har ta tsage a waƙa ta uku. Ban ɗago ba sai da na ji makirufo ya bugi ƙasa.

Na ji abin da mai ɗakin ɗaukar waƙar ya faɗa wa Mamanki a bakin zaure: zai sake sauraron ki ƙarshen wata, amma ki bar mai jitar nan a gida. Ban ga laifinsa ba. Amma tun da maganar ta iso ni nake ta tambayar kaina. Wa zai riƙe miki sauti a wurin da kike jan numfashi? Wa ya san kina yin jinkiri kaɗan kafin amshi, ya jira ki? Ina tsoron ki tafi da wani makaɗin, ina kuma tsoron abin da ya fi wannan, ki saba da rashina.

Na mai da baƙar amfilifayar shagon Baba. Baba bai yi mini dariya ba, ya dai cire tabarau ya goge. Ya ware mini ƙanana biyu in zaɓi ɗaya a madadinta. Ɗaya irin ta da ce, mai ’yan kwalabe a ciki, sai ta yi ɗumi take sakin sauti mai taushi. Ɗayar mara nauyi ce, sautinta garau, amma ina jin kamar tana da kaifi a sama, a daidai inda muryarki ke zama. Sau uku ina zuwa ina gwada su, na kasa zaɓa, don na daina yarda da kunnena. Ya ce zai ajiye mini su zuwa azahar ɗin Asabar, bayan nan akwai mai jira.

Ga roƙona, abar ƙaunata. Ki zo shagon ranar Asabar da hantsi. Ba za ki yi waƙa ba, ko tari ba na so ki yi. Akwai tsofaffin gwajinmu a wayata, Baba zai saki muryarki ta lasifika, ni in bi ta da jita, ke ki tsaya inda kika saba tsayawa. Wadda ta zauna ƙarƙashin muryarki ki ɗaga hannu, wadda ta hau kanta ki sauke. Wannan karon zan gani. Kwana bakwai ke nan ina koyon kiɗa kaina a ɗage, ina kallon ƙusa a bango daidai tsayinki. Sautin da ke fita daga akwatin takalmin ya yi muni har matar maƙwabcina ta aiko tambaya ko kyanwa ce ta maƙale a rufi, amma ban sunkuya ba.

In kuwa kin yanke ki je wurin mutumin ba tare da ni ba, ki je, kada ki rasa wannan dama saboda ni. Zan yi miki addu’a daga nesa, zuciyata na ciwo. Sai dai ki sani, in ba ki zo ba, ba zan ɗauki ko ɗaya cikinsu ba, akwatin takalmin ma zan ajiye shi. Jitar cinya in babu amfilifaya ko na bakin ƙofa ba ya jin ta, kuma haka zan riƙa kaɗa ta har ranar da kika zaɓa mini.

Ki zo da Yaya in hankalinsa zai fi kwanciya, ya tsaya kusa da soket. In na ƙara sauti ko kaɗan, ya zare wayar.

Naki ni kaɗai, jiya da yau da duk kwanakin da suka rage mini,

Sunkuyau