Ruwan Kanwar Issufu

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku yi haƙuri da rubutun, da hagu nake dannawa, hannun dama ya yi nauyi tun watan jiya.

Ni dattijo ne a Jibiya, tsohon direban babbar mota. A shekarun saba'in, lokacin da kuɗin mai suka shigo ƙasar nan, muna jigilar kaya daga Katsina zuwa Maraɗi, aljihu cike, mu ci tsire da safe mu ci da yamma. A daidai lokacin kuma fari ya cinye Nijar, mutane suna tsallakowa a ƙafa. Wata rana muna layi a bakin iyaka na ga wani mutum zaune gindin bedi da matarsa da jariri, shanunsa duk sun mutu. Bari in kira shi Issufu. Na kai su gidanmu, daga baya na kafa masa tukubar nama inda motoci ke tsayawa. Wallahi ni ban ɗauki abin a bakin komai ba. Da ruwa ya dawo ya koma ƙauyensu a tsallake, amma ya rantse muddin yana numfashi ba zai shigo kasuwar Lahadi ya zo mini hannu rabbana ba. Ya kuwa cika. Kilishi ne na hannunsa, ya sha yaji da gishiri, mu baje a tabarma mu ci tare. Matarsa ta rasu, tawa ta rasu, abokan tuƙina duk sun tafi, saura ni da shi.

Bara likita ya ce ina da hawan jini. Ɗiyata da nake zaune da ita ta ɗauki abin da zafi, ta cire gishiri da magi a miyata, ta kawo zogale da zoɓo ba sukari da wasu ƙwayoyin tafarnuwa daga kemis, ga maganin asibiti, ga tattaki bayan asuba. Tuwon nan kamar ana cin tsumma, amma na daure, jinin ya fara sauka. Kilishin ne na kasa sanin yadda zan yi da shi. Da ƙyar na faɗa wa Issufu likita, wanda su ke ce wa lokotoro, ya hana. Ya naɗe kilishin a takardarsa ya mayar a jaka, ranar ko ruwa bai sha a gidana ba.

Lahadin da ta biyo sai ga shi da fara'a, riƙe da gora. Wai ya samo mini magani, jar kanwa da manda ya jiƙa, irin wanda iyayenmu ke sha don wankin ciki. Ni ma da shi na tashi, mu a wajenmu kanwa magani ce, wa ya taɓa lissafa ta da gishiri? Na sha, ya bar mini sauran na sati, na riƙa sha a ɓoye don kar ɗiyata ta yi mita. Haka muka yi ta yi har ranar da na tashi daga sujada hannuna ya ƙi ɗaguwa. A asibiti likita ya tsare ni da tambaya har na faɗa, ya dafe kai, ya ce kanwa da manda ai 'yan uwan gishiri ne, in na ci gaba, na gaba ba hannu kaɗai zai ɗauka ba.

Ɗiyata ta yi faɗa har da kuka. Ta ce ko in gaya masa gaskiya ko ita ta tare shi a zaure ta gaya masa. Na ce ta bari, ta ce ita ba za ta zuba ido ta zama marainiya saboda kunya ba. To in ce masa me? Mutumin da yanzu ido ya tafi, jikansa ke ɗauko shi a mashin ya tsallako da shi, ya ji cewa abin da ya kawo da hannunsa ne ya kashe mini hannu? Na ƙi kilishinsa, in kuma ƙi wannan, na san shi, ba zai sake zuwa ba, don bai iya zuwa ba komai a hannu.

Lahadin da ta wuce na yi dabara. Tunda ba ya gani sosai, na kai kofin baki na juye a ƙasa a hankali, na ce alhamdulillahi. Sai ya juyo da kunnensa wajena ya ce, "Yaya, ban jiya ka haɗe ba. Ko lokotoro ya hana wanga ma?"

Ya lalubo kofin ya sake cikawa. Jama'a, na shanye.

Na gaji wallahi, jiki ya gaji, zuciya ta gaji. Ba na son mutuwa a kan kofin kanwa, kuma ba na son in rayu Lahadi ta zo ba mai yi mini sallama. Don Allah wanda ya san yadda ake faɗa wa irin wannan mutum gaskiya ba a karya shi ba, ya gaya mini. Yau Juma'a, na san ya riga ya jiƙa ta jibi.