Tsakiyar bangon Inna

Wurno, Jihar Sakkwato.

Zuwa ga yayana Isah,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar ƙanwa ga yayanta, tare da fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Sa'adiya da yara. Allah ya tsare ku da ruwan Fatakwal da sauronta, ya sa wa kasuwar albasa albarka. Mu nan Wurno muna nan yadda ka bar mu, a ɗakunan hayar nan na bayan kasuwa. Kawu Maigandi lafiyarsa lau, sai ƙorafin gwiwa. Inna tana cin abinci, tana salla in an tuna mata, amma mantuwar nan da na gaya maka ta ƙaru sosai tun bayan ƙaramar salla. Na zaɓi in rubuto in ba direban motar albasa maimakon in kira ka, domin na san halinka a waya: kafin in kai tsakiyar magana ka ce ga mai saye ya zo.

Ka san sana'ar da na koyo a Sakkwato, wadda kake ce wa wasa da kwamfuta. To wasan nan ne ya kawo ni ga abin da zan roƙe ka. Wata Hajiya Kaltume mai sayar da lalle da turaren wuta ta ba ni aikin shafinta na intanet, ta ce tana son adon da zai zauna a bayan rubutu da hotunan kaya ya zama na gida, ba irin furannin da kowa ke ɗaukowa ba. Yadda muke yin irin wannan ado shi ne hawa-hawa. A shimfiɗa launi a ƙasa, a ɗora wani zane a kansa, a ƙara wani a sama, kowanne da mazauninsa, in ka ga dama ka ɗage ɗaya ka duba na ƙarƙashi. Zanen kuma da buroshi ake buga shi, amma ba na gashi ba. Hoton wani abu ake yankowa a mayar da shi buroshi a cikin kwamfuta, duk inda ka taɓa sai siffarsa ta fito. Ina zaune ina tunanin abin da zan yanko, sai bangon ɗakin Inna na ƙauyenmu ya faɗo mini a rai, har na ji haushin kaina da ban tuna da shi tun farko ba.

Ai ka tuna yadda take yin sa. Jar ƙasa da tafin hannu tukuna, ta bar ta ta sha iska. Sannan farar ƙasa, ta mirgina totuwar masara a kai ta bar ƙananan ramuka. Sai zagaye-zagayen da take bugawa da bakin ƙoƙo, daga ƙarshe makuba, jiƙon ɓawon ɗorawa, da gashin kaza, siraran layuka masu lanƙwasa. Ba ta taɓa ɗora wani a kan ɗanyen wani ba, ko da kuwa biki ya matso ana ta yi mata ciwon baki. Ashe abin da na je birni na koya, a gabana aka yi ta yin sa ina wucewa da tulu. Abu ɗaya ne ba ta bari a ga tana yin sa: in ta zo tsakiyar bangon sai ta kore mu ta saki asabari, ba ta ɗagawa sai ta gama.

Na bi dangi gida-gida na tattaro hotunan da aka ɗauka a ɗakin. Yaya, kowane hoto da mutum a tsaye a tsakiya. Mu ba mu ɗaukar bango hoto, mutum muke ɗauka, bangon kuwa wurin tsayawa ne saboda ya fi ko'ina kyau a gidan. Ga Inna da sabon zane, ga ni ranar saukata, ga matan unguwa sun jeru ranar suna. Gefe da gefe duk na samu. Na fitar da buroshin totuwa, na fitar da na bakin ƙoƙo, layukan gashin kaza ma sun fito tsaf har da inda hannunta ya ɗan karkace. Na jera su hawa-hawa yadda take yi, ja a ƙasa, fari a kai, makuba a sama. Amma da na ɗauki hoton da ya fi haske na yanke Inna daga ciki don bangon ya fito, sai aka bar ni da fili a tsakiya, babu komai. Na rufe ido na yi ta ƙoƙarin tuno abin da ke wurin. A ɗakin nan aka haife ni, amma wallahi na kasa. Kawu ya ce tsuntsu ne, Gwaggo ta rantse tauraro ne, wata maƙwabciyarmu ta ce ita dai ta san akwai shuɗi.

Da Kawu ya ce zai saci jiki ya leƙa gonarsa ta bayan Shinaka, kusa da ƙauyenmu, lokacin da aka ce 'yan bindiga sun ɗan ja baya, na ba shi wayata na yi masa bayani har ya gaji da ni. Na ce bango nake so, bangon ɗakin Inna, daga sama har ƙasa. Ya tafi da wani abokin nomansa, muka wuni da zuciya a hannu har suka dawo. Da na buɗe wayar sai ga Kawu a tsaye a tsakiyar bangon, ya gyara hula, ya harɗe hannuwa. Na rasa dariya zan yi ko kuka. Da na yi masa magana ya ce shi bai ga yadda za a ɗauki hoton kango ba kowa a ciki ba, sai ka ce gidan ba shi da masu shi. Ban iya yi masa faɗa ba, domin abin da ke gefensa ya ishe ni. Rufin ya rufta, damina ta shiga ɗakin ta wanke fuskar bangon, jar ƙasar kawai ta rage da ɗan fari can sama kusa da azara. Ya ce bayansa ma haka yake, ba abin da ya tare mini. Yanzu kuma hanyar ta sake rufewa, ko mai neman gawa ba ya bin ta.

Hajiya Kaltume ba ta ga wata matsala ba. Ta ce in sa sunan shagonta a filin, in kuma dusashe sauran adon don kada ya danne rubutu. Na yi, ta ce in ƙara, na ƙara, har sai mutum ya ƙura ido zai gane akwai zane a wurin. Ta yaba ƙwarai, kuma ban ga laifinta ba, haka aikin yake. Amma na ajiye nawa daban, mai cikakken launi, da filinsa a buɗe.

Shi na kai wa Inna ranar Juma'a da hantsi, lokacin da hankalinta ya fi zama wuri ɗaya. Da ma na taɓa gwada ba ta waya ta zana da yatsa, ta shafa gilashin ta shinshina hannunta, ta ture ta ce wannan ba ƙasa ba ce. Wannan karon ban ce ta yi komai ba, na ajiye kwamfutar a kan tabarma kawai. Ta daɗe tana kallo. Ta bi layukan makuba da yatsa ba tare da ta taɓa ba, tana gyaɗa kai, ni kuwa na ce a raina yau za ta tuna. Sai ta ɗago ta ce, “Mai aikin ga ta iya. Ba ta yi gaggawa ba, ta bari ya bushe. Tana da rai?” Na ce mata tana da rai. Ta nuna filin ta ce, “To mi kika jira? Tahi ki tambaye ta mi tas sa nan.” Na ce to, Inna. Na ɗauki kwamfutata na fita bayan ɗaki, na zauna a kan turmi na yi kukan da ban yi ba tun ranar da muka baro gida.

Roƙona ke nan, Yaya. Lokacin bikinka da Sa'adiya Inna ta sabunta bangon, kuma abokanka sun yi ta ɗaukar hotuna. Ka duba, ka sa Sa'adiya ta duba cikin kayanta, ko akwai wanda wani ya sunkuya, ko ya matsa gefe, ko aka ɗauka kafin mutane su gama jeruwa. Ban sa rai ba, na san wayoyi nawa ka canza tun lokacin, kuma na san ku ma a tsakiya kuka tsaya. In ba a samu ba, ka rubuto mini abin da kai ka tuna, ko da ya saɓa wa na kowa. In kuma da hali ka zo da kanka kafin damina ta fita, domin har yanzu in an ambaci Isah tana waiwayawa ƙofa, ban san zuwa yaushe ba.

Ka gaishe mini da Sa'adiya da kyau, ka shafa kan Mujaheed da ƙanwarsa. Kawu Maigandi da Gwaggo suna gaishe ku. Allah ya ba Inna sauƙi, ya mayar da mu gida in da rabon komawa.

Ƙanwarka,
Zubaida