Iccen da Gulbi Ya Ɓoye Ranar Tsere

Ya ke Hamdiya, sanyin sabuwar randa, furen bado bisa tafki, ke da muryarki ta fi ruwan farko daɗi ga kunnen manomi, sallama gare ki, da fatan idonki ya huta da kuka!

Ranar Talata da sassafe, kafin masu tseren su iso, na tsaya bisa gaɓa ina duban gulbi. Can ƙasa da duwatsu, inda ruwa ka matsewa ya ƙara gudu, sai na ga ya yi ƙusumbi wuri guda, kumfa na komawa baya maimakon ta wuce. Duk wanda ya tashi da filafili a hannu ya san wannan: icce ne kwance ƙarƙashi da rassanshi, ambaliya ta jawo shi. Ranar Littinin da baƙin da sunka kawo tseren sunka auna hanya, babu shi.

Kin san abin da ya kawo su. Matuƙa biyu suka nema, a ba su horo, a kai su ƙasashen waje tseren ruwa mai haukan gudu, cikin ƙananan jiragen roba na mutum guda, da filafili mai baki biyu. Ɗaiɗai aka sakin mutane, agogo ka yanke hukunci.

Ban faɗa wa kowa zancen iccen ba. Ga laifina nan, ba ni ɓoye miki shi. Yayanki Mannir na tsakiyar baƙin shina yi musu Turanci, shi da ya yi wata shida yana koyon tuƙi a madatsar ruwa ta birni, ruwan da ba ya ko motsi. To ni, da nika sunkuyar da kai in na iske shi ƙofar gidanku, da wane baki zan koya mishi ruwa gaban jama'a? Na ce a raina zai gani da kanshi. Kunya ta ɗaure mini harshe, kuma wallahi kunyar nan don ke nika yin ta!

Da tseren ya tashi sunka saki Mannir, sannan ni. Ina fitowa daga duwatsu na hango hancin jirginshi ya miƙe ga ƙusumbin nan, don nan ruwa ya fi gudu, kuma gudu anka koya mishi nema. Na ƙwala kira, gulbi ya haɗiye. Na tuƙa har kafaɗuna sunka mutu, na cim mishi saura taki kaɗan, na banke shi gefe. Munka kife mu biyu. Dutse ya karya mishi hannu. Amma Hamdiya, da rassan nan sun kama shi, ruwa danne shi zai yi ƙasa, kuma rigar ruwa mai hana nutsewa ba ta fidda mutum daga icce.

Mi anka gani daga gaɓa? An ga Tambaya ya banke yayan budurwarshi don ya wuce shi! Baƙin sun share sunana. Ya yi mini ciwo, ba ni ƙarya, na so in ga gulaben da suka faɗi. Amma wannan ƙaya ce. Mashin shi ne saƙon da Babanki ya aiko wa kawunnena, cewa kada su taka gidanku ran Juma'a, ranar da anka ce za a ba su ke.

Shekara uku, tauraruwata! Kin tuna ranar kasuwar Kebbe da na ƙetare da ke, ruwa ya cika, kin riƙe bakin kwalekwale har yatsunki sunka yi fari? Na ce ki bar duban ruwa ki dubi hannuna. Kinka duba, kinka yi murmushi cikin mayafi, ni ko na kusa mance gaɓa. Hannun nan ne anka ce ya cuci jininki? Wanda ya jira gero uku ya nuna don ke, shi zai sayar da ke don agogo?

Ba ni ganin laifin yayanki, mai karaya ba ya jin bayani. Roƙona guda: ki samu Inna, ta samu Baba, ya aika wanda ya yarda da shi da doguwar gora ya soka wurin nan. Amma a yi sauri, don Allah! Hadari na haɗuwa gabas. In anka yi ruwa sama da mu, gulbi zai ɗauke iccen, ya bar ni da bakina kawai.

Ko an buɗe mini ƙofa ko an rufe, ni naki ne, har ranar da za a ɗauke ni bisa kafaɗa.

Naki,
Tambaya

In ruwa ya riga mu, ba ni kaɗai na gani ba. Kamilu masunci ya yage tarunshi ga rassan da asubar ranar tseren, tarun na rataye gidanshi. Gwaggo Batula na wanki ƙetare, daidai wurin, ta ga komi. A tambaye su a rabe, ban yi magana da ko ɗaya ba.